Gilashi ko akirilik? Ƙofar kejin damo ta raba kan 'yan zaure

Mai Damo (Tumfure): Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen masu sana'a da waɗanda suka riga ni kiwo. Akwai wani damo da na karɓa a hannun yara a hanyar Dadin Kowa tun yana ɗan ƙarami, yanzu ya girma har bahon da yake ciki ya yi masa kaɗan. Na sa an haɗa masa keji na katako a bayan ɗaki, tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 3, tsayi ƙafa 3. Baya da gefe biyu katako ne, sama kuma ban rufe ba tukuna. Gaba ne ya rage, inda nake son ƙofa biyu masu zamewa irin na taga, yadda zan riƙa ganinsa ba sai na buɗe ba. Mai gilashi ya ce gilashi. Wani abokina ya ce akirilik, robar nan mai kama da gilashi da ake kira Perspex, tunda ina da yara ƙanana a gida. Wanne zan sa?

Ɗan Pantami: Damo a keji? Mu dai a tukunya muka san shi. To Allah ya ba ka haƙuri irin nasa.

Oga Alminiyam (Jekadafari): Wa alaikumus salam. Malam, gilashi za ka sa, mai kaurin milimita 6, kada ka yarda a lallaɓa ka da mai 4 na luba. Ba don sana'ata ba ce nake faɗa. Ƙofa mai zamewa ba abin da ke riƙe ta sai layin alminiyam na sama da na ƙasa, kuma abin da ya shiga cikin layin bai wuce faɗin ɗan yatsa ba. Gilashi ba ya lanƙwasa, inda ka sa shi nan zai tsaya. Roba kuwa in aka danna tsakiyarta sai ta yi ciki, in ta yi ciki tsayinta ya ragu, sai ka ga ta fice daga layin. Damo yana da ƙarfin wuya da kafaɗa fiye da yadda mutane suke zato. Dabbar da ke tona rami a busasshiyar ƙasa fa.

Sannan ka tabbata an goge bakin gilashin duka gefe huɗu. Gilashin da aka yanka ba a goge ba reza ne, zai yanke ka, zai yanki harshen damon, ga shi ba ya zamewa da daɗi.

Mai Allon Talla (Sabon Layi): Oga, kowa dai tallar hajarsa yake yi, ni ma bari in yi tawa. Kullum da akirilik nake aiki, da shi muke yin allunan shaguna masu wuta a ciki. Wanda kake cewa yana lanƙwasa ai mai milimita 2 ko 3 ne, na firam ɗin hoto. Sa mai 6 ko mai 8 ka gani. Nauyinsa bai kai rabin na gilashi ba. Ana yanka shi da zarto, ana huda shi a ɗaura masa mariƙi ko sakata ba tare da an je wajen kowa ba. Ya fi gilashi haske ma, ba shi da ɗan koren nan da ake gani a gefen gilashi. Babban abin kuma shi ne abin da Malam ya faɗa da bakinsa: yara. Ƙwallo ɗaya ta isa ta tarwatsa gilashi, ga yaro a gaba, ga damo a ciki yana tafiya a kan ɓaraguzai. Akirilik in ma ya fashe tsagewa yake yi gida biyu ko uku, kuma bakinsa bai kai na gilashi kaifi ba.

Oga Alminiyam: Faɗa masa kuɗin mai 8 ɗin mana.

Mai Allon Talla: Ya fi gilashi tsada, ban musa ba. Araha ba ta ado.

Malamin Kimiyya: Ku duka biyun kowa yana da gaskiyarsa, amma bari mu sa lissafi don kada abin ya zama musun bakin titi.

Nauyi tukuna. Gilashi yana da kilo biyu da rabi a kowace murabba'in mita a kan kowace milimita ta kauri, wato mai milimita 6 kilo 15 ke nan a murabba'in mita. Akirilik mai wannan kaurin kilo 7 ne da 'yan kai. In Malam ya bar katako ƙafa ɗaya a ƙasa don tare ƙasar da zai zuba, kowace ƙofa za ta zama kamar santimita 95 a 60. Ta gilashi kilo takwas da rabi, ta akirilik kilo huɗu. Bambancin gaskiya ne, amma ƙofar da ke zamewa a kan layi ba ɗaukarta ake yi ba. Da irin ta kabad ce mai rataye a gefe ɗaya, to da nauyi ya zama abin dubawa.

Lanƙwasa kuwa, nan Oga ya yi nasara nesa ba kusa ba. In kaurinsu ɗaya, akirilik ya fi gilashi saurin lanƙwasa sau ashirin ko fiye. Ƙara kauri yana rage matsalar sosai, shi ya sa mai 8 ya fi mai 6, amma ko mai 8 ɗin bai kamo gilashi mai 6 ba.

Akwai kuma abin da ba wanda ya ambata, zafi da laima. Akirilik yana buɗewa da zafi kusan sau takwas fiye da gilashi. A nan Gombe asubahin hunturu kan sauko wajen digiri 15, ranar watan Afrilu kuma ta kai 40. A ƙofa mai santimita 95 wannan ya kai milimita ɗaya da rabi na motsi, gilashi kuwa ko rubu'in milimita bai kai ba. In ka yanka shi daidai wa daida a watan Janairu, a watan Afrilu zai cije. Ga shi yana shan laima kaɗan-kaɗan. In cikin kejin da danshi, waje kuma a bushe, fuskar ciki ta kumbura ta waje ba ta kumbura ba, sai farantin ya gantsare. Ba wanda ya taɓa shi, shi kaɗai zai yi.

Mai Allon Talla: Malam, allunan da nake kafawa a titi rana da ruwan sama suke sha shekara da shekaru, ban ga sun gantsare ba.

Malamin Kimiyya: Saboda a cikin firam suke, an kama su gefe huɗu. Kuma iskar da ke gabansu ita ce a bayansu. Ƙofar keji gefe biyu kawai aka kama, ciki da waje kuma yanayi biyu ne daban.

Kawu Kafinta (Bolari): Ku yaran nan duk kun tsallake abin da zai fara ɓata ƙofar, wato ƙura da farce. Na taɓa haɗa wa wani mai sayar da waya shogilas, ya dage sai roba saboda ya gaji da fasa gilashi. Kafin hunturu ya fita yaron shagon ya gama da shi. Ba wani abu ya yi ba, tsumma kawai yake sawa yana gogewa safe da yamma. In rana ta haska sai ka ga zane-zane zagaye-zagaye ko'ina, wayoyin da ke ciki sun koma dishi-dishi. Wannan fa tsumma ne a hannun mutum. Ina ga damo da zai tashi tsaye ya dafa ƙofa da ƙafafun gaba yana karta, da yashi a faratansa?

Malamin Kimiyya: Kawu ya taɓo inda yake. Akirilik yana tara irin wutar nan da ke sa biro ya ɗauki guntun takarda in ka goga shi a gashi, kuma a busasshiyar iska ta fi yawa. Wato kana gogewa yana ƙara janyo ƙura, ƙurar kuma ta fi robar tauri. Amma don adalci, yashi yana karce gilashi ma, don ya fi gilashin tauri. Bambancin shi ne gilashi sai an daɗe, akirilik kuwa nan da nan.

Mai Allon Talla: Karcen akirilik ana goge shi ya fita, da sanfefa mai laushi da man gogewa. Na gilashi in ya shiga ya shiga ke nan.

Kawu Kafinta: Ɗana, wa zai cire ƙofa duk wata ya zauna yana gogewa? Damon kuma ka ba wa ajiya kafin ka gama?

Maman Biyu (Federal Lowcost): Sannunku da muhawara. Ni kunkuru nake da shi, ba damo ba, amma ina goyon bayan mai allo a maganar yara. Ku maza kuna fita tun safe, mu ne muke gida muna ganin abin da yara suke yi. Yaro ba ƙwallo kaɗai zai jefa ba, zai jingina da ƙofar, zai buga ta da cokali don dabbar ta motsa, zai kira 'ya'yan maƙwabta su taru. Ni gilashi a daidai tsayin fuskar yaro ba ya kwanta mini.

Wani abu kuma, ban sani ba ko damo haka yake, amma kunkuru bai san gilashi ba. In yana hango waje, yini zai yi yana tura kansa yana son wucewa. Sai da muka sa katako a ƙasa yadda ba ya ganin komai sannan ya natsu.

Oga Alminiyam: Hajiya, maganarki a kan hanya take, kuma akwai maganinta ba sai an koma roba ba. Gilashi ai kala-kala ne. Akwai wanda aka gasa, mu muna ce masa tampad, shi ne a tagogin gefen mota. Ya fi na gama-gari ƙarfi sau huɗu zuwa biyar, in ya fashe kuma dagargajewa yake yi ƙanana-ƙanana, ba dogayen tsini ba. Sharaɗinsa ɗaya: ba a yanka shi, ba a huda shi bayan an gasa. Awo ake aikawa a yi oda, in ka kuskure da milimita 3 ka yi asara, don haka sai an gama kafa layi ake aunawa. Kuma rauninsa a baki yake, in kusurwarsa ta daki ƙarfe zai iya tashi gaba ɗaya.

Akwai kuma mai ninki biyu da leda a tsakiya, irin gilashin gaban mota. Shi in ya fashe yana nan a manne, ba abin da zai zubo, dabba ma ba za ta fita ba. Ga wanda aljihunsa bai kai ba, a sa na gama-gari mai 6 a manna masa farar leda ta gilashi a fuskar waje, ba a ciki ba inda farce zai ɓare ta. Ba za ta hana shi fashewa ba, amma za ta riƙe ɓaraguzan.

Sannan Malam ya ɗaga kejin daga ƙasa, ya ɗora shi a kan bulo.

Kawu Kafinta: Wannan dole ne ko ba don yara ba. Katako a kan ƙasa a garin nan abincin gara ne. Kuma cikin kejin, inda ƙasa mai danshi za ta zauna, a shimfiɗa leda mai kauri ko a yi masa daɓen siminti, in ba haka ba damina ɗaya katakon ya ruɓe. Kada kuma a shafa baƙin mai ko maganin gara ta ciki, dabbar tana lasar komai da harshe.

Ɗan Pantami: Keji da daɓe, da gilashin mota, da leda. Malam, in ka gama ka ba ni haya, damon ya koma ɗakina.

Ɗan Kaltungo: Bari in sa baki, don na san akwai masu karantawa a ɓoye da maciji suke son sawa, ba damo ba. Ƙofa mai zamewa guda biyu dole akwai rata a tsakaninsu inda ɗaya ta hau kan ɗaya. Damo babba ba zai bi ta nan ba, amma maciji duk inda kansa ya shiga jikinsa ya shiga. In roba ce ma ya fi sauƙi, zai cusa kai ta buɗe masa. Mu nan mun san abin da muke gani. Asibitin masu saran maciji na garinmu ba ya rabuwa da mutane, musamman lokacin noma da girbi, kuma mafi yawa kububuwa ce. 'Yar ƙarama ce, sau da yawa ba ta wuce kamu biyu ba, amma dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi da ta tsohon rauni. Wanda duk yake tunanin ajiye kububuwa ko kasa ko gamsheƙa a gidan da mutane suke kwana, ba gilashi ba roba, kada ya fara. Ba kai kaɗai kake zaune a unguwar ba.

Shugaban Zaure: An gode. Wannan ita ce dokar zauren nan tun farko, ba ma ba da shawarar ajiye mai dafi. A koma kan damo.

Likitan Dabbobi (Bauchi): Na karanta daga sama har ƙasa. A kan ƙofa ina tare da masu gilashi, kuma zan ƙara dalili ɗaya daga ɓangarenmu, wato wanki. Dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsu ko da lafiyarsu lau, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Dole a riƙa wanke ƙofar da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Gilashi zai ɗauki kusan duk abin da ka sa masa, in kashi ya bushe a kai ma ka kankare da reza. Akirilik kuwa sifirit, fetur, tina, da ruwan goge gilashi mai amoniya duk suna sa shi ya yi ƙananan tsage-tsage ya dushe. Sabulu da ruwa da tsumma mai laushi kawai yake so. Kuma kowane karce maɓoyar datti ce.

Amma Malam, abin da ya fi damuna ba ƙofar ba ce, saman da ka ce ba ka rufe ba tukuna. Kada ka kuskura ka rufe shi da gilashi ko roba. Dalili biyu.

Na farko, a cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, ana kiransa UVB. Da shi fatar dabbar ke haɗa bitamin D3, da bitamin ɗin kuma jiki ke ɗaukar sinadarin kalsiyam ya gina ƙashi. Gilashin taga yana tare kusan dukkansa, akirilik na kasuwa ma yana tare mafi yawa. Dabba za ta kwanta a bayan gilashi tana shan rana, ga haske ga ɗumi, amma ƙashinta yana laushi. Alamarsa muƙamuƙi ya yi taushi, ƙafafu su kumbura ko su karkace, tafiya ta gagara. Turawa kuɗi suke kashewa suna sayen ƙwan fitila na musamman saboda wannan, kuma sai sun riƙa canja shi don ƙarfinsa yana raguwa ko da yana ci. Mu Allah ya ba mu rana kyauta, kada mu sa gilashi mu tare.

Na biyu, zafi. Akwatin da aka rufe da gilashi rana ta doke shi, zafin da ya shiga ba ya fita. Damo yana son wuri mai zafi sosai da zai kwanta ya gasa jikinsa, amma da sharaɗin in ya ƙoshi ya samu inda zai gudu. A daji rami yake shiga. A keji in ko'ina ya ɗau zafi ba shi da mafita, kuma shi ba gumi yake yi ba. A watan Maris ko Afrilu rana ɗaya ta isa.

Saboda haka sama ragar waya mai kauri, irin wadda aka yi wa walda, ba ragar sauro ba, don ita farce ɗaya zai yaga ta. Rabin saman a rufe da katako ko zana don inuwa, rabi a bari rana ta shiga da hantsi. A zuba ƙasa mai zurfi da zai iya tonawa, ƙasanta da ɗan danshi. Da kwanon ruwa da zai iya shiga ciki.

Mai Damo: Likita, Allah ya saka da alheri. Wallahi niyyata in sa ragowar abin da na saya a saman. To ƙofar wace fuska zan juya ta? Yanzu yamma take kallo.

Malamin Kimiyya: Juya ta. Yamma ita ce mafi muni, ranar la'asar za ta shiga kai tsaye a lokacin da gari ya riga ya gasu. Gabas da dama-dama. Mafi kyau arewa. Mu a nan rana tana ratsawa ta tsakar ka wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, tsakanin nan tana ɗan karkata arewa kaɗan, sauran shekara kuma tana kudu. Ƙofar da ke kallon arewa da ɗan baki a samanta kusan ba za ta ga rana kai tsaye ba.

Likitan Dabbobi: Kuma in faɗa maka gaskiya, ƙafa 6 a 3 na yanzu ne. Damo babba yana kusan mita ɗaya, masu kiwonsa ƙafa 8 a 4 suke ɗauka mafi ƙanƙanta. In da hali ka ƙara tun ba a yanka gilashi ba. Abinci kuma, kada ka cika shi da nama da ƙwai da ɓeraye. A daji fara yake ci da gyare da katantanwa da ƙadandoniya da ƙwari iri-iri. Da damina yake cika ciki, da rani ya lafe yana cin kitsen da ya tara. A gida ana ba shi maiƙo shekara zagaye ba ya motsi, ƙiba ce ke kashe da yawansu.

Wani Ɗalibi (Herwagana): Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Shin tsare shi ma ya dace? An san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ba ina cewa Malam haka yake ba. Amma damo ba ya kuka ba ya ƙara, shi ya sa ake masa kirari da sarkin haƙuri. In yana wahala ma ba za a sani ba.

Mai Damo: Tambayarka a kan hanya take, ɗan'uwa. Da na bar shi a hannun yaran nan da tuni an yi miya da shi. Na yi tunanin sakinsa, amma ya saba da mutane, ba ya gudu in an nufo shi, wanda duk ya fara gani zai ɗauka. Shi ya sa nake son in yi masa wurin kirki.

Likitan Dabbobi: Nauyi ne ka ɗauka, kuma na shekaru ne, don suna wuce shekara goma in an kula da su. Sauran masu karatu kuma kada wannan ya sa kowa ya tafi daji kamo nasa. Duk dangin damo da guza suna cikin jerin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, Najeriya kuma tana da dokarta tun 1985. Malam, ka leƙa sashen gandun daji na jiha ka ji matsayinka, ya fi a zo a same ka.

Mai Allon Talla: To an taru a kaina. Na yarda a kan damo, saboda farce da wanki. Amma kada a tafi da cewa akirilik ba shi da amfani. Wanda zai yi ɗan akwatin tsaka ko na ƙananan ƙwari, ko akwatin da za a riƙa ɗauka ana kaiwa aji a nuna wa ɗalibai, ko ƙaramar taga a cikin firam na katako, akirilik ya fi. In za a huda, a yi ramin ya fi sukurun faɗi kaɗan, kada a ɗaure tamau, in ba haka ba daga ramin tsagewa za ta fara. Kuma a nisanta shi da ƙwan fitila mai zafi, yana laushi tun wajen digiri 100, yana kuma cin wuta.

Maman Biyu: Robar nan ta rumfar mota fa? An ce ita ko da guduma ba ta fashewa.

Mai Allon Talla: Folikabonet ke nan, Hajiya. Gaskiya ne ta fi akirilik jure duka nesa, amma ta fi shi saurin karcewa, kuma ita ma tana lanƙwasa. Ta rumfa ma yawanci mai rami-rami ce a ciki, ba a gani ta cikinta sosai.

Maman Biyu: To ni dai in gilashin ne, mai leda a tsakiya ko ba komai. Kuma a sa makulli.

Oga Alminiyam: Makulli kam wajibi. Damo yana koyon tura ƙofa gefe da hanci, in ya yi sau ɗaya ya gane ke nan. Akwai ɗan makullin shogilas da masu waya da masu gwal suke sawa, mai ƙarfe kamar zarto da ake maƙalawa a bakin gilashi ɗaya, kan makullin ya tokare ɗayan. Ba ya buƙatar huji. Ƙofofin su hau kan juna da aƙalla santimita 5. Layin sama ya fi na ƙasa zurfi, ta haka ake cusa gilashi sama a sauke shi cikin na ƙasa, amma kada ratar ta yi yawa har dabbar ta ɗaga shi ya fito. Layin ƙasa kuma ya zauna sama da ƙasar da aka zuba da kamar faɗin tafin hannu, don in yashi ya cika shi za ka ji ƙofa tana ƙara tana cijewa, bakin gilashin yana ɓantarewa. Ka ajiye tsohon buroshin haƙori kusa don sharewa.

Mai Damo: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na tsayar: zan ƙara tsawon zuwa ƙafa 8 tunda akwai fili, in juya shi arewa, in ɗora a kan bulo. Sama raga da rabin inuwa. Ƙofa gilashi mai leda a tsakiya in an samu, in ba a samu ba tampad. Oga, in turo maka awon yanzu?

Oga Alminiyam: A'a, bari Kawu ya gama nasa a kafa layi tukuna. Kuma ƙafa 8 ƙofa biyu sun yi girma, a sa ginshiƙi a tsakiya a yi huɗu ƙanana, ko a rufe ƙafa biyu da katako ta gefen inuwa. In an gama ka auna tsayin a wuri uku, hagu da tsakiya da dama, ka turo mini duka ukun. Aikin katako ba ya rasa ɗan bambanci.

Kawu Kafinta: Nawa yana rasawa. Amma ka auna ɗin.